YANAR IDO: BA A WANKE TA DA ZUMA KO KWALLI

Kusan kowane mako sai an kawo mini dattijo daga Gyaɗi-Gyaɗi ko Tarauni, a ce Malam a taimaka da maganin yana. Gaskiyar ita ce babu sassaƙe ko ganyen da ke cire ta, kuma ni mai sayar da magani ne nake gaya muku.

Sunan ne ke ruɗa mu. Mutane na zaton wata fata ce ta rufe ido daga waje. A'a. A bayan ɗigon baƙin nan na tsakiyar ido, Allah Ya ajiye wani ɗan madubi garau, faɗinsa bai kai santimita 1 ba, shi ke tattara haske ya aika ciki. Da shekaru suka ja, sai ya dishe, kamar yadda farin ƙwai ke rikiɗa idan ya ji wuta. To wa ya taɓa mayar da dafaffen ƙwai ɗanye? Kwallin ismidi sunna ce, zuma waraka ce, amma ba sa isa wurin.

Ba ta ciwo. Mutum dai yana gani kamar cikin hazon hunturu, fitilun motoci a titin Zariya su riƙa kashe masa ido da dare, wasullan Alƙur'ani su haɗe. Ciwon suga, taba, buguwa a ido, da ɗiga maganin kemis mai sitiroyid ba da izinin likita ba, duk suna gaggauto ta.

Abin da ya fi damuna masu yawo da allura ne, suna tura madubin ya faɗa cikin ido. Ranar farko a ga haske a yi murna, bayan watanni ido ya mutu. Binciken makanta da aka yi a Najeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna yana ce ta haddasa sama da kashi 40 cikin 100 na makanta, kuma idanu da yawa da aka taɓa, ta wannan hanyar aka taɓa su. Alhali wajen shekara 1000 da ta wuce, likita Musulmi Ammar al-Mausili ya riga ya ƙera allura mai rami yana zuƙe yanar waje. Ashe mu ne muka koma baya.

Yau ana kashe zafin wurin, a cire madubin da ya dishe, a sa na roba, galibi cikin ƙasa da rabin awa. Ga asibitin Malam Aminu Kano a ƙofarmu, ga asibitin ido na Makka, ga na ECWA. Kada ku jira sai ta "nuna". Da zarar ta hana Baba karatu ko zuwa masallaci da asuba, ku kai shi. In likita ya hana sunkuyo na 'yan kwanaki, ya yi sallarsa da nuni, shari'a ta ba shi dama.

Jaririn da kuka ga fari a ɗigon idonsa kuwa, wannan ba ya kwana, a tafi asibiti yau.

Allah Ya ƙara mana lafiya.