FILIN WASANNI: Kada Dare Ɗaya Ya Shafe Wa Chukwueze Aikin Shekara Goma

 

Tun daren nan na ran 14 ga watan Janairu, 2026, da ƙungiyar Super Eagles ta kara da Maroko a birnin Rabat a wasan kusa da na ƙarshe na cin kofin ƙasashen Afirka, akwai wata magana da ta tsaya mini a maƙogwaro, na yi ta juya ta, yau dai na ga gara in amayar da ita kowa ya ji. Duk wanda ya kalli wasan ya san yadda ta kaya. An yi minti 90 babu ci, aka ƙara rabin sa'a har ila yau babu ci, sai aka koma ga bugun fenariti. Mai tsaron gidan Maroko, Yassine Bounou, ya tare bugun Samuel Chukwueze, ya kuma tare na Bruno Onyemaechi, Maroko ta wuce da 4 da 2.

Ni a wani gidan kallo na Agege na ga wasan. Ana tashi sai wani saurayi da ke kusa da ni ya buga ƙafa a ƙasa, ya ce, "Baba, don Allah me wannan Chukwueze ya taɓa tsinana wa ƙasar nan? Ai gara a sallame shi kowa ya huta." Na ce masa, "Ɗana, a shekarar 2019 ajinka nawa a makaranta?" Ya yi dariya ya wuce. Ban ga laifinsa ba, gama zafin rashin nasara ke cinsa, ni ma kuwa yana cina. Amma tun da ya yi tambaya, ya kamata a ba shi amsa, shi da dubban irinsa da suka yi ta zagin yaron nan a wayoyinsu har gari ya waye.

An haifi Samuel Chukwueze ran 22 ga watan Mayu, 1999, mutumin Umuahia ne ta Jihar Abiya, kuma a makarantar koyon ƙwallo ta Diamond ya tashi. Duniya ta fara jin sunansa a 2015, sa'ad da Nijeriya ta ci kofin duniya na 'yan ƙasa da shekara 17 a ƙasar Cile, inda ta doke Mali da ci 2 da nema a wasan ƙarshe. Wannan shi ne karo na biyar da muka ɗauko kofin, bayan 1985 da 1993 da 2007 da 2013. Mai koyar da yaran a lokacin Emmanuel Amunike ne, watau gwanin gefen nan da ya ci wa Nijeriya ƙwallo biyu a ragar Zambiya a wasan ƙarshe na 1994, ya kuma ci ƙwallon da ta ba mu zinariya a Atlanta a 1996. Ka ga ashe hannun da ya san sana'ar ne ya fara riƙe shi.

A cikin waɗannan yara na 2015, Victor Osimhen ne ya fi kowa ci, ƙwallo 10 ya zuba. Wanda aka zaɓa gwanin gasar baki ɗaya kuwa shi ne kyaftin ɗinsu, Kelechi Nwakali. To, a nan ne na ke so mai karatu ya tsaya ya lura. Kulob ɗin Arsenal na Ingila ya nemi Nwakali da Chukwueze tare. Cinikin Nwakali ya faɗa a 2016, na Chukwueze ya rushe. A lokacin kowa cewa ya ke yi Nwakali ya tsallake, ɗan'uwansa ya yi asara. Amma Nwakali bai taɓa buga wa babbar ƙungiyar Arsenal wasan gasa ba, sai aro aka yi ta bayar da shi, yau Holan, gobe Fotugal, har ya bar kulob ɗin a 2019. Shi kuwa Chukwueze sai ya nufi Sifen a 2017, ya sauka a Villarreal, kulob na wani ƙaramin gari mai mutum wajen dubu 50, wanda sana'ar mutanensa ita ce yin tayil. Nan aka ajiye shi cikin yara, aka koya masa tsayuwa da gudu da lokacin sakin ƙwallo, ba a yi masa gaggawa ba. A watan Satumba na 2018 ya fara buga wa manya a karawarsu da Rangers ta Sikotlan, cikin watan Nuwamba kuma ya sa rigar Super Eagles karo na farko a wasan sada zumunci da Uganda a Asaba, yana ɗan shekara 19.

Kafin in ci gaba, bari in ɗan bayyana irin wasansa, domin a nan ne alherinsa da matsalarsa duka su ke. Mu da muka ga zamanin Segun Odegbami da Adokiye Amiesimaka, waɗanda da su Green Eagles ta ci kofin Afirka a Surulere a 1980, mun saba da ɗan gefe mai bin layi. Na dama da ƙafar dama ya ke wasa, ya tsere wa mai tsaron baya har kusa da tuta, sa'an nan ya kwaso ƙwallo ya jefa wa mai ci a ka. Haka Finidi George da Tijjani Babangida suka yi a Ajax. Chukwueze kuwa bahago ne da a ke sa shi a dama. Ba tuta ya ke nufa ba, ciki ya ke karyowa, ya ja ƙwallon zuwa ƙafarsa ta hagu, ya nemi kusurwar raga ta nesa. In abin ya yi kyau, babu mai tsaron gidan da zai kai hannu. In kuwa mai tsaron baya ya gane shi, ya toshe masa hanyar ciki ya bar masa ta waje, sai ka ga yaro ya yi ta kai da kawowa da ƙwallo har a kwace.

Yanzu ga amsar saurayin Agege. A gasar kofin Afirka ta 2019 a Masar, a wasan kusa da na kusa da ƙarshe, Afirka ta Kudu muka haɗu da ita, wadda ta fito daga korar masu masaukin baƙi. Chukwueze ne ya ci ƙwallon farko a wannan dare, ya kuma hana masu tsaron bayansu sakat, kafin William Troost-Ekong ya ci ta biyu gab da tashi, muka yi nasara da 2 da 1. A wannan shekara muka zo na uku. A gasar da aka yi a Kamaru a farkon 2022 ya ci Sudan. A ta Kwaddibuwa a 2024 yana cikin waɗanda suka kai mu wasan ƙarshe, inda masu gida suka rinjaye mu da 2 da 1. Mutumin da ya yi wannan hidima, in ba a gode masa ba, bai cancanci a ce bai taɓa yin kome ba.

A Turai ma haka. A 2021 Villarreal ta ci kofin Europa, babban kofinta na farko a tarihi, bayan ta doke Manchester United a bugun fenariti da 11 da 10. Chukwueze ya taimaka ƙwarai wajen kai ta can, amma ya ji rauni a wasan kusa da na ƙarshe a gidan Arsenal, sai daga gefe ya kalli ranar da ya daɗe yana jira. Shekara ta zagayo, a watan Afrilu na 2022, Villarreal ta je Munich da ci ɗaya a hannu, Robert Lewandowski ya farke, Bayern ta yi musu rumfa, kowa ya sa ido ya ga lokacin da za su faɗi. Mai koyarwa Unai Emery ya sako Chukwueze daga benci, a minti na 88 Gerard Moreno ya miƙa masa ƙwallo, ya ɗaga ta cikin raga. Da wannan ƙwallo ƙaramin gari ya kori Bayern daga gasar zakarun Turai. A watan Afrilu na 2023 kuma ya shiga gidan Real Madrid ya ci biyu, Villarreal ta fito da nasarar 3 da 2, ta ƙarshen kuwa irin bugun nan nasa ne na hagu daga wajen da'ira.

Wannan wasa na Madrid shi ya ɗaga darajarsa, a watan Yuli na 2023 AC Milan ta Italiya ta saye shi. Daga nan labari ya sauya. A wannan damina ɗin Milan ta sayo Christian Pulisic, ɗan Amurka, daga Chelsea, shi ma kuwa gefen dama aka ba shi. Pulisic ya fara da ƙafar dama, yana ci yana bayarwa, Chukwueze ya koma zaman benci. Bugu da ƙari, cikin shekara biyu da 'yan watanni masu koyarwa huɗu ya gani a Milan, watau Stefano Pioli da Paulo Fonseca da Sérgio Conceição da Massimiliano Allegri, kowanne da tsarinsa. A gida ma ba ta sauya zane ba: daga Gernot Rohr zuwa Augustine Eguavoen, zuwa José Peseiro, zuwa Finidi, a sake komawa ga Eguavoen, sa'an nan Eric Chelle a 2025. Itacen da a ke tumɓukewa kowace damina a sake dasawa, ina zai sami saiwar da zai yi 'ya'ya?

Duk da haka ba zan ɓoye nasa laifin ba, gama gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ku dubi manyan ranakunsa da kyau. A Munich daga benci ya fito. A watan Disamba na 2023, da ya ci wa Milan ƙwallon nasara a gidan Newcastle, daga benci ya fito. Bayan an ba da aronsa ga Fulham ta London a watan Satumba na 2025, inda ya tarar da Alex Iwobi da Calvin Bassey, ya ci Manchester City ƙwallo biyu a wasan nan na 5 da 4 na watan Disamba, nan ma daga benci ya fito. Wannan ba sa'a ba ce kawai. Idan masu tsaron baya sun gaji, fili ya buɗe, gudunsa da yankansa sai su zama annoba. Amma idan aka fara da shi tun farko, abokan karawa da ƙarfinsu, sun kuma yi nazarinsa, sau da yawa sai a neme shi a rasa. Masu koyarwa sun lura da haka, shi ya sa su ke ajiye shi kamar wuƙar aljihu, sai buƙata ta taso a zaro. Laifin da na ke gani nasa shi ne, har ya kai shekara 26 bai tilasta wa ƙafarsa ta dama ta koyi aiki sosai ba, kuma yakan riƙe ƙwallo daƙiƙa ɗaya fiye da kima, alhali abokinsa na tsaye a sarari. Waɗannan abubuwa biyu a filin horo a ke gyara su, kuma babu mai gyara masa sai shi.

To, amma batun Rabat dabam ne. A ƙarshe-ƙarshen wasa aka sako shi, jikinsa bai ɗau zafi ba, bai taɓa ƙwallo ta a zo a gani ba, sai ga shi gaban Bounou, mutumin da ya hana Sifen cin ko ɗaya a bugun fenariti a gasar duniya ta 2022, ga kuma jama'ar gari cike da fili suna ta fito. Bugun bai yi kyau ba, wannan gaskiya ne, shi ma ya sani. Sai dai ina tambaya, minti 120 da aka yi ba mu ci ko ɗaya ba, shi ne ya hana? Wata biyu kafin nan, a watan Nuwamba na 2025, a wannan gari na Rabat, Kwango ta fitar da mu daga neman zuwa gasar duniya ta 2026, nan ma a bugun fenariti. Ƙasar da irin wannan bugu ya kayar da ita sau biyu a gari ɗaya cikin wata biyu, ya kamata hukumar ƙwallonta ta zauna ta binciki yadda a ke shirya 'yan wasa dominsa. Ɗora wa mutum ɗaya kaya ya fi sauƙi, amma ba zai hana a sake faɗuwa gobe ba.

Ina da kira guda uku. Na farko ga Chukwueze kansa: duk inda zai yi wasa, ya zaɓi inda za a fara da shi kowane mako, ko da sunan kulob ɗin bai kai na Milan ba, gama shekarun ɗan gefe ba su da yawa, ƙafa na fara nauyi kasuwa ta watse. Na biyu ga iyaye da masu riƙe da yaranmu a Kano da Kaduna da Jos da nan Ikko. Ku dubi hanyar da Ahmed Musa ya bi, daga Kano Pillars zuwa ƙaramin kulob na VVV-Venlo a Holan a 2010, sa'an nan CSKA ta Mosko. Ku dubi Babangida, wanda ya yi shekaru a Roda kafin Ajax ta kira shi. Ku kuma auna tsakanin Nwakali da Chukwueze. Idan dillali ya zo muku da babban suna da babbar takarda, ku fara tambayarsa, yaron nan zai buga, ko kuwa zama zai yi? Na uku gare mu 'yan kallo. Muna da ikon yin fushi, muna da ikon faɗin inda aka yi kuskure, amma zagin iyaye da fatan sharri ba tarbiyyarmu ba ce, yaran nan kuwa suna karanta abin da mu ke rubutawa.

Wanda ya ke ganin na yi son kai a wannan magana, ƙofa a buɗe ta ke, ya rubuto mana, za mu buga ra'ayinsa a wannan fili kamar yadda muka saba. Shi kuma ɗana na Agege, in wannan jarida ta kai hannunsa, ina fata ya nemi hoton wasan Masar na 2019 ya kalla, sa'an nan mu sake zama.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.