Ga Ƙoshi Ga Kwanan Yunwa: Inshorar Lafiya da Neman Gwanin Maganin Tattaunawa

Akwai wani nau'in magani da ba a sha, ba a shafawa, ba a kuma yin allurarsa. Mutum biyu ne ke zama a ɗaki na kimanin minti 50, ɗaya yana faɗin abin da ke cin ransa, ɗayan kuma, wanda ya samu horo a kan halayyar ɗan'adam, yana saurare tare da yi masa jagora har ya gano bakin zaren matsalarsa. A wannan muƙala za a kira shi maganin tattaunawa. Da shi ake tunkarar ciwon damuwa da fargaba da waswasi da firgicin da kan biyo bayan tashin hankali. Ra'ayin da muƙalar ke ɗauke da shi shi ne, duk tsarin inshorar da ke biyan kuɗin mintoci ba tare da duba gwanintar mai ba da magani ba, ƙarshensa korar gwanaye zai yi, ya bar majinyaci da kati a hannu da ciwo a zuci. Amurka ce ta fi kowace ƙasa bayyana wannan hali, don haka daga can za a fara.

Tsadar Zama Ɗaya

A Amurka, wanda zai biya daga aljihunsa yakan kashe tsakanin dala 100 zuwa 200 a kan zama ɗaya, a manyan birane kuwa abin kan zarce haka. Mafi ƙarancin albashi na tarayya dala 7.25 ne a awa, kuma bai motsa ba tun 2009. Ke nan zaman dala 150 zai cinye ladan aikin fiye da awa 20 na ƙaramin ma'aikaci. Ga shi kuma zama ɗaya ba ya warkarwa. Akan yi ta zuwa mako-mako har tsawon watanni. Zama 12 kawai a kan wannan farashi ya kama dala 1,800. Wannan ne ya sa mafi yawan mutane ke rataya fatansu a kan inshora.

A takarda, doka na tare da su. A 2008 Majalisar Dokokin Amurka ta zartar da dokar da aka laƙaba wa sunayen sanatoci biyu, Paul Wellstone da Pete Domenici, wadda ta hana kamfanonin inshora tsananta sharuɗɗa a kan lafiyar ƙwaƙwalwa fiye da yadda suke yi a kan lafiyar jiki. A 2010 kuma dokar lafiya ta zamanin Shugaba Obama ta sanya lafiyar ƙwaƙwalwa cikin hidimomin da wajibi ne tsare-tsaren inshora da dama su ƙunsa. Sai dai doka na iya tilasta wa kamfani ya biya, amma ba ta iya tilasta wa likita ya karɓa.

Jerin Fatalwa

Wani nazari da Tara Bishop da abokan aikinta suka wallafa a mujallar JAMA Psychiatry a 2014 ya gano cewa a tsakanin 2009 da 2010, kimanin kashi 55 cikin ɗari ne kawai na likitocin ƙwaƙwalwa ke karɓar inshorar kamfanoni, alhali a sauran fannonin likitanci adadin ya kusa kashi 89. A 2023 ma'aikatan kwamitin kuɗi na Majalisar Dattawa suka yi shigar burtu, suka buga waya ga sunaye 120 da ke cikin jerin masu ba da magani na tsare-tsaren inshora 12 a jihohi shida. Kashi 18 cikin ɗari ne kacal suka ba su ranar ganawa. Sauran, wasu lambarsu ba ta shiga, wasu ba su amsa ba, wasu sun daina hulɗa da kamfanin, wasu kuma ba su ɗaukar sabon majinyaci. Amurkawa sun raɗa wa irin wannan jeri suna jerin fatalwa: suna ne a rubuce, babu mai shi.

A lura da wanda aka ɗora wa wannan wahala. Ɗaya daga cikin alamomin ciwon damuwa shi ne mutuwar jiki da yanke ƙauna. Wanda tashi daga shimfiɗa ma ke yi masa nauyi, shi ne ake so ya buga waya goma kafin ya samu mai amsawa. Da yawa sukan saduda tun a ta uku, kamfani kuwa ya ci riba, domin kuɗin wata-wata ya shiga, na magani bai fita ba.

Dalilin ficewar masu sana'ar a fili yake. Kamfani yana biya ne gwargwadon tsawon zama da irin lasisin mai ba da magani, kuma galibi wanda ya shekara 20 yana aiki da wanda ya fara bara kuɗinsu ɗaya. Kuɗin nan kuma ƙasa yake da abin da kasuwa ke biya. Bayan haka ga cike-ciken takardu da ba a biyan ladansu, ga jinkirin biya, ga ma'aikacin kamfani da bai taɓa ganin majinyaci ba yana yanke hukuncin cewa zaman da aka yi ya wadatar. Wani lokaci ma sai bayan watanni kamfani ya dawo ya ce a mayar masa da kuɗin da ya riga ya biya. Sabon shiga yakan jure, domin ta hanyar kamfani yake samun mutane. Da zarar ya yi suna, sai ya zare jikinsa ya koma karɓar kuɗi hannu. Da haka kasuwa ta rabu biyu: gwanaye na masu hali, jiran tsammani na masu kati.

Shin Daɗewa Ita Ce Gwaninta?

Akwai hujjar da masu kare kamfanoni za su iya kawowa, kuma tana da nauyi. A 2016 Simon Goldberg da abokan aikinsa sun bi diddigin masu ba da magani 170 da majinyatansu fiye da 6,500, suka tarar cewa a dunƙule sakamakon aikinsu bai ƙaru da ƙaruwar shekaru ba, hasali ma ya ɗan ja baya. Idan haka ne, me zai sa a biya tsohon hannu fiye da sabo?

Abin da wannan nazari ya rushe shi ne ɗaukar furfura a matsayin ma'auni. Bai ce duk masu sana'ar ɗaya suke ba. Gwaninta a nan tana nufin horo na musamman a kan ciwon da ake tunkara, da aiki ƙarƙashin kulawar na gaba, da auna ko majinyaci na samun sauƙi, da iya ƙulla amana da shi. Tsarin biyan kuɗi na Amurka ba ya auna ko ɗaya daga cikin waɗannan. Ingila ta gwada wata hanya tun 2008, lokacin da hukumar lafiyarta ta ƙaddamar da shirin faɗaɗa maganin tattaunawa bisa shawarar Richard Layard da David Clark. An horar da dubban sababbin ma'aikata, ana auna halin majinyaci a kowane zama, ana kuma bayyana wa jama'a adadin waɗanda suka warke. Shirin na shan suka a kan jira da ƙarancin zama, amma aƙalla ya fara da samar da mutanen da za su yi aikin. A Zimbabuwe kuwa, Dixon Chibanda ya horar da tsofaffin mata su zauna a benci a harabar asibitocin Harare suna sauraron masu damuwa cikin harshen Shona, suna kiran ciwon da sunan da mutane suka sani, wato yawan tunani. Gwajin da aka wallafa a mujallar JAMA a 2016 ya nuna waɗanda suka zauna da su sun fi samun sauƙi a kan waɗanda aka yi wa kulawar da aka saba.

Inda Abin Ya Shafe Mu

Bahaushe na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Nijeriya yanzu take aza harsashin abin da Amurka ta daɗe da ginawa. A Mayun 2022 aka sa hannu a dokar da ta kafa Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, NHIA, wadda ta wajabta inshora a kan kowa. A Janairun 2023 kuma aka sa hannu a Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958. Amma likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar ba su kai 300 ba, ga al'ummar da ta haura miliyan 200. A Arewa, manyan asibitocin wannan fanni ba su wuce a ƙirga da yatsu ba, irin su na Barnawa a Kaduna da Kware da Maiduguri da Dawanau, a yankin da rikicin Boko Haram da na 'yan bindiga suka bar mutane masu ɗimbin yawa da tabo a zuci. Idan aka rubuta maganin tattaunawa cikin jerin hidimomin inshora ba tare da an horar da masu yin sa an kuma biya su yadda za su zauna ba, namu jerin fatalwar zai fi na Amurka tsawo.

A nan ne manazarta Hausa suke da rawar takawa. Wannan magani, harshe ne kayan aikinsa. Damuwa da ƙunci da baƙin ciki da zullumi da fargaba ba abu ɗaya ba ne a bakin Bahaushe. Matar da kunya da kara suka sa ta ce “ba komai” ta riga ta faɗi abu mai yawa ga wanda ya san al'adar. Wanda ya ce wani abu na yi masa yawo a jiki, ko zuciyarsa na tsinkewa, wataƙila bayanin fargaba yake yi da kalmomin jiki. Idan aka sa tafinta a tsakani kuwa, sirri ya zama na mutum uku, kuma sau da yawa na ukun ɗan'uwa ne ko maƙwabci. Don haka a ƙasar Hausa, sanin Hausa wani rukuni ne na gwaninta, kuma ya kamata jerin masu ba da magani na kowane tsarin inshora ya bayyana harshen da kowannensu ke aiki da shi.

Sassan Hausa na jami'o'inmu sun daɗe da aikin ƙirƙirar kalmomin fannu da rubuta ƙamus, kamar Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero da ya fito a 2006. Lokaci ya yi da za su haɗa hannu da sassan likitancin ƙwaƙwalwa da na nazarin halayyar ɗan'adam wajen tattara kalmomin da Hausawa ke bayyana ciwon zuci da su, da fassara ma'aunan gwaji ta yadda za su dace da al'ada, da rubuta littattafan horar da ma'aikatan lafiya na matakin farko. Hukumomin inshora kuma su riƙa tantance jerin sunayensu a kai a kai, su biya a kan lokaci, su kuma bambanta ladan wanda ya samu horo na musamman. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun da tsarin namu bai gama kafuwa ba, yanzu ne gyara ya fi sauƙi da araha.