Gani Ya Kori Ji, Amma Wa Ya Zana Abin Da Aka Gani?

A watan Agusta na shekarar 2023, Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta fitar da rahoto wanda ya ce marasa aikin yi a Nijeriya kashi 4.1 ne cikin ɗari a watanni uku na farkon wannan shekara. Idan mai karatu bai manta ba, wannan hukuma ɗin dai ta ce adadin ya kai kashi 33.3 cikin ɗari a ƙarshen 2020. To, ɗauki waɗannan lambobi biyu ka miƙa wa yaron da ya iya kwamfuta, ka ce ya zana maka su. Zai tsayar da ginshiƙi ɗaya dogo kamar rimi, ya ajiye wani gajere kamar turmi a gefensa, ya shafa musu launi mai ɗaukar ido. Duk wanda ya gani zai ce lallai an yi maganin zaman kashe wando a ƙasar nan cikin shekara biyu da 'yan watanni. Lambobin duka na hukuma ne, babu wanda ya ƙirƙiro su, amma zanen ya shara ƙarya.

Abin da ya faru shi ne an sauya mudun awo. A tsohon tsari, wanda bai yi aikin awa 20 a mako ba, marar aiki ne. A sabon tsari, wanda ya bi ƙa'idar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya, duk wanda ya yi aikin awa ɗaya tak a cikin kwana bakwai domin samun kuɗi ko riba, ya shiga sahun masu aiki. Ke nan matashin da ya gama jami'a, ya rasa abin yi, ya wuni a bakin Kantin Kwari har ya samu wani ya ɗora masa dila ɗaya ya kai bakin mota, an rubuta shi cikin masu aiki. Ban ce sabon tsarin ba shi da hujja ba. Da shi ake kwatanta ƙasa da ƙasa, kuma rahoton da kansa ya faɗi cewa fiye da kashi 90 cikin ɗari na masu aikin nan ba su ƙarƙashin wata ma'aikata ko kamfani mai rajista. Sai dai wannan bayani yana can cikin shafukan rahoto, ginshiƙan nan biyu kuwa su ne ke yawo a wayoyin jama'a.

A nan ne mu ɗaliban harshe muke da ta cewa. A kunnen Bahaushe, idan aka ce wane ya samu aiki, ana nufin ya samu wurin da zai je da safe, a biya shi a ƙarshen wata. Mai sayar da goro sana'a yake yi. Wanda yau yana dako, gobe yana dillancin waya, jibi yana leburanci, buga-buga yake yi. Harshen ya riga ya rarrabe waɗannan matakai tun kafin a kafa hukumar ƙididdiga. Saboda haka editan da ya rubuta "masu aikin yi" a ƙarƙashin zane, alhali ƙididdigar ta haɗa mai albashi da mai sana'a da mai buga-buga a kwando ɗaya, ya fassara kalma ya bar ma'ana a baya.

Wannan salo na ba da labari da alƙaluma da zane, wato taswira da jadawali da ginshiƙai da layuka masu hawa da sauka, ya zo ke nan, kuma ina cikin masu maraba da shi. Birni abu ne da ido ɗaya ba ya iya gani duka. Mazaunin Kurna bai san nawa ake sayen jarkar ruwa a Sheka ba, na Hotoro bai san awa nawa ake samun wuta a Ɗorayi ba. Kowa ya san ciwonsa, babu wanda ya san ciwon garin. A shekarar 1854, da kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a wata unguwa ta Landan, wani likita mai suna John Snow ya bi gida-gida yana ƙirga mamata, daga baya ya ɗora su a kan taswira, sai ga mace-macen sun yi cincirindo a kewayen famfo guda na titin Broad. Abin da dogon bayani zai sha wahalar nunawa, takarda ɗaya ta nuna shi. Amma ƙarfin nan da zane ke da shi, shi ne kuma abin tsoro game da shi, domin mutum yakan yi gardama da abin da ya ji, da wuya ya yi gardama da abin da idonsa ya gani.

Dubi batun hauhawar farashi. A watan Disamba na 2024 hukumar ta ce hauhawar ta kai kashi 34.80 cikin ɗari. Da ta fitar da na Janairun 2025 sai ta ce kashi 24.48. Ba buhun shinkafa ne ya karye cikin kwana talatin ba. Hukumar ce ta sauya shekarar da take ɗora awo a kanta daga 2009 zuwa 2024, ta sabunta jerin kayan da take bin farashinsu, ta kuma rage nauyin da abinci ke da shi a lissafin daga fiye da rabi zuwa wajen kashi 40. Duk mai zanen da ya ja layi ɗaya miƙaƙƙe daga Disamba zuwa Janairu ba tare da ya yanke shi ya rubuta cewa a nan aka sauya ma'auni ba, ya haɗa awon tiya da awon gwangwani a jadawali guda.

Ko da ba a sauya komai ba, akwai wani rami da Hausar jarida ke yawan faɗawa. "Hauhawar farashi ta sauka" da "farashi ya sauka" sun yi kama a kunne, amma biri ne ya yi kama da mutum. A ce kwanon gero naira 1,000 ne, ya hau da kashi 35, ya koma 1,350. Shekara ta zagayo ya hau da kashi 24, ya koma 1,674. Layin hauhawa a zane yana gangarowa ƙasa, kuɗin cefane yana ci gaba da hawa. Gudun hawan ne ya ragu. Magidancin da ya ga layi yana sauka, ya shiga kasuwar Singa ya tarar da akasin haka, ba zai ce shi ne bai fahimci zane ba. Cewa zai yi jarida da gwamnati bakinsu ɗaya, kuma daga ranar ya daina yarda da kowace lamba, har da ta gaskiya. Wannan ita ce asarar da na fi jin tsoro.

Bari mu ga yadda zane mai amana zai kasance. Mafi ƙarancin albashi ya tashi daga naira 30,000 a 2019 zuwa 70,000 a 2024. Ginshiƙi biyu za su nuna ma'aikaci ya samu fiye da ninki. Amma a 2019 litar fetur naira 145 ce a farashin gwamnati, wato albashin yana sayen lita 206 da ɗoriya. Zuwa ƙarshen 2024, bayan janye tallafin mai a watan Mayun 2023, lita ta haura naira 1,000 a garuruwa da yawa, wato sabon albashin bai wuce lita 70 ba. Zana jarka takwas masu cin lita 25 a layin sama, ka zana jarka uku, ta ukun ba ta cika ba, a layin ƙasa. Tsohuwar da ba ta taɓa shiga aji ba za ta karanta wannan zane, kuma abin da za ta karanta gaskiya ne.

Wannan dabara ta ƙirga abu da hotonsa ba baƙuwa ba ce a ƙasar nan. Otto Neurath da abokan aikinsa ne suka tsara ta a birnin Biyana a shekarun 1920, kuma a shekarun 1950 matarsa Marie Neurath ta zo Ibadan ta yi wa gwamnatin Jihar Yamma ta Obafemi Awolowo ƙananan littattafai masu bayyana shirin ilimi da lafiya da noma cikin hotuna. A zamaninmu kuwa, ƙungiyar BudgIT da aka kafa a Legas a 2011 ta yi suna wajen mayar da kasafin kuɗin gwamnati zane, kamfanin SBM Intelligence kuma yana fitar da Jollof Index, wato kuɗin da iyali mai mutum biyar zai kashe ya ɗora tukunyar shinkafa dafa-duka a kasuwanni daban-daban, har da Kano. Aiki ne mai kyau. Amma akasarinsa da Turanci ake yi, kuma tambayoyin da yake amsawa na waɗanda suka tsara shi ne. Ina ma'aunin tuwo da miyar kuka? Ina na koko da ƙosai, wanda shi ne karin kumallon leburan birni?

Wani zai ce ai sai a ɗauko alƙaluman hukuma a fassara. Matsalar ita ce alƙaluman hukuma ba kasafai suke sauka zuwa unguwa ba, kuma ginshiƙin da suka dogara a kansa ya tsufa. Ƙidayar jama'a ta ƙarshe ita ce ta 2006, wadda ta ba Jihar Kano mutum miliyan 9.4, ta ba Legas miliyan 9.1, gwamnatin Legas ta ƙi amincewa ta ce mutanenta sun haura miliyan 17. Wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Don haka duk zanen da ya ce likita ɗaya ga mutum kaza, ko aji ɗaya ga yara kaza a Ungogo ko Kumbotso, kintace ne aka ɗora a kan ƙidayar da aka yi kafin a haifi yaran. Ba laifi ba ne a yi amfani da kintace. Laifin shi ne a ɓoye wa mai karatu cewa kintace ne.

Shawarata ga jaridunmu na Hausa ita ce su fara tara nasu alƙaluman. Abin bai kai tsadar da ake zato ba. Wakili ɗaya, littafin rubutu ɗaya, rana ɗaya tsayayya a kowane mako: farashin gero da dawa da masara da wake a Dawanau, na tumatir da albasa a 'Yankaba, kuɗin A Daidaita Sahu daga Bata zuwa Kabuga, kuɗin jarkar ruwa a unguwa biyar ko shida. A yi haka a Kaduna da Sakkwato da Maiduguri, in da hali har Maraɗi, tunda hatsin da ke motsi a kasuwa ɗaya yana taɓa ɗaya. A mako na farko abin ba zai zama labari ba. Bayan shekara biyu jaridar za ta mallaki abin da ko ma'aikatar ciniki sai ta zo ta roƙa. Sharaɗi ɗaya ne: a sayi sikeli. Mudun wannan gari ba shi ne na wancan ba, tiyar wannan kasuwa ta sha bamban da ta waccan, cikar kwano ma akwai mai tozo akwai shafaffe. A rubuta wa mai karatu da kwano, domin shi ya sani, amma a auna da kilo domin kwatanci ya tsaya. Abin da ke hannun hukuma kuwa, dokar 'yancin samun bayanai ta 2011 ta ba ɗan jarida damar nema a rubuce, ko da yake sai ya yi haƙurin zarya.

Sai kuma batun kalmomi, wanda har yanzu kowane gidan jarida da na rediyo ke yin gaban kansa. Wannan ya ce "kashi", wancan ya ce "kaso", wani ya ce "bisa ɗari". Babu tsayayyar hanyar bambanta ƙarin da aka yi daga kashi 10 zuwa kashi 15, wanda tazarar maki biyar ce, da ƙarin kashi biyar cikin ɗari na abu. Biliyan da tiriliyan suna wucewa ta kunne kamar ƙanne biyu, alhali ɗaya ya ninka ɗaya sau dubu. Hausa ba ta taɓa jin kunyar aro a fagen lissafi ba: ashirin da talatin har zuwa casa'in daga Larabci ta ɗauko su, ta ajiye gomiya biyu da gomiya uku. Abin da ya rage shi ne editoci da sassan nazarin Hausa na jami'o'inmu su zauna su tsayar da magana ɗaya, maimakon a bar kowane mai fassara da hasashensa ƙarfe goma na dare ana jiran shafi.

Akwai ma wani abu da masu zane ba su cika lura da shi ba. Zanen da ke nuna tafiyar lokaci daga hagu yake farawa ya nufi dama, saboda haka rubutun boko ke tafiya. Ɗimbin masu cinikin kasuwanninmu da allo da ajami suka fara karatu, idonsu ya saba farawa daga dama. Layin da ya hau idan an bi shi daga hagu, sauka ya yi idan an biyo shi daga dama. Maganin ba wuya: a rubuta shekarun da manyan lambobi, a sa kibiya, a kuma faɗi abin da zanen ke nufi a jimla ɗaya ta Hausa a samansa, irin jimlar da mai karanta labarai a rediyo zai iya ɗauka ya faɗa yadda take.

Taswirar unguwanni ita ce ta fi buƙatar taka-tsantsan. Charles Booth ya fara fitar da taswirar talaucin Landan a 1889, inda ya shafa wa kowane titi launi gwargwadon samun mazaunansa. Aikin ya nuna kusan kashi 30 cikin ɗari na mutanen birnin suna cikin talauci, ya kuma taimaka wa masu neman a kafa fanshon tsofaffi. Amma titunan da ya shafa wa baƙi bai tsaya ga kiran mazaunansu matalauta ba, ya haɗa musu da lakabin miyagu masu kusanci da aikata laifi. Ranar da wata jarida za ta zana taswirar Kano ta shafa wa wasu unguwanni ja ta rubuta "matattarar 'yan daba", ta sani cewa mai ba da haya zai gani, mai ɗaukar aiki zai gani, wanda aka je neman auren 'yarsa ma zai gani. Idan rahoton 'yan sanda ne aka ƙirga, a rubuta "ƙararrakin da aka kai ofishin 'yan sanda", a faɗi daga wane wata zuwa wane wata, a kuma faɗi yawan gidajen da ke unguwar, domin ƙara goma a unguwa mai gida dubu biyar ba daidai take da ƙara goma a unguwa mai gida ɗari uku ba.