Waƙa kunne take nema, ba ɗan yatsa ba

Duk mai leƙa Facebook da dare ya san irin su. Saurayi daga Mada ko Tsafe ya zubo baituka goma, cikin awa ɗaya an taru a ƙasa: "Allah ƙara basira", "kai fasihi", "wuta!" Shi ke nan, ya kwanta da tunanin ya kai. Bayan shekara biyu ka duba, waƙar tasa tana nan inda take, ba ta ci gaba ba, ba ta koma baya ba. Dalili kuwa ba wanda ya taɓa ce masa, malam, ɗango na uku ya karye.

Ra'ayina a nan shi ne, matashin da yake son waƙa da gaske ya nemi zaman marubuta a garinsu ya shiga, in babu ya kafa. Zama na ido da ido nake nufi, inda za ka miƙe ka rera mutane su ji.

Dalili na farko yana cikin harshen kansa. Rubutun boko ba ya nuna tsawon wasali, ba ya nuna karin sauti. Rubuta "gari" ka gani: wanda ake zama a cikinsa ne, ko wanda ake tuƙa tuwo da shi? A ido ɗaya suke, a kunne kuwa na tuwo ya fi ja. Ita kuma rubutacciyar waƙar Hausa a kan nauyin gaɓoɓi aka gina karinta. Shi ya sa baiti zai yi kyau a fuskar waya, amsa-amo ya zauna daram, amma da ka buɗe baki ka rera sai ka ji ya yi tuntuɓe. Mai danna maka alamar so bai ji wannan tuntuɓen ba. Wanda ke zaune gabanka a kan tabarma shi zai ji, tun kafin ya yi magana ma fuskarsa ta gaya maka.

Kuma wannan ba sabon abu ba ne. A Kano an yi ƙungiyar Hikima ƙarƙashin Mudi Sipikin, an yi Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu, mai littafin Fasaha Aƙiliya. Har Bature, Graham Furniss, ya zo ya yi digirinsa na uku a kan waƙoƙin 'yan Hikima a shekarun 1970. Marubuta labarai ma haka suka yi: ƙungiyar Raina Kama ta su Ado Ahmad Gidan Dabino da Balaraba Ramat Yakubu tana cikin waɗanda suka ɗaga littattafan Hausa na Kano. Mu nan Zamfara ma ba sai mun je aro ba. Musa Ɗanƙwairo a cikin ƙungiyar kiɗan gidansu ya tashi, ya daɗe yana bin yayansa Kurna kafin ya jagoranci tasa. In wanda ya kai wannan matsayi sai da ya zauna aka gyara masa, ni da kai su wa?

Dalili na biyu, mu ne muka fi kowa saninsa. A watan Satumba na 2021 an rufe layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar 'yan bindiga, wasu yankunan suka yi watanni ba sabis. Duk wanda waƙarsa da masu sauraronsa ke cikin waya, ranar ya zama bebe. Waƙar da aka rera gaban mutum biyar kuwa, biyu suka haddace, ba mai iya kashe ta da umarni daga Abuja. Haka Nana Asma'u ta yi tun ƙarni na 19: ta hanyar 'Yan Taru, jajojinta suka riƙa kai waƙoƙinta ƙauye-ƙauye, mata na haddacewa. Kuma in wani ya kwafe waƙarka ya liƙa sunansa, abin da ya zama ruwan dare a intanet, waɗannan biyar ɗin su ne shaidunka.

Na uku shi ya fi nauyi. Me matashin Mada ko Kwatarkwashi zai rubuta yau in ba abin da ya dame shi ba? Gonar da ba ta nomuwa, hanyar Gusau zuwa Funtuwa da ake bi da addu'a a baki, ɗan'uwan da aka sayar da amfanin gona aka fanso. Waƙar da aka rubuta cikin zafin rai tana iya zame wa mutum zagin ƙabila guda ba tare da ya lura ba, kuma in ta fita ta fita. A zama ne wani zai ce, dakata, wannan baitin ya haɗa da maƙwabcinmu da shi ma aka kore masa shanu. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Na san abin da wasu za su ce: ƙungiyoyinmu rigimar shugabanci ce, da karɓar kuɗin rajista, da zama 'yan amshin shatan 'yan siyasa lokacin zaɓe. Akwai gaskiya a ciki. Amma maganin wannan ba zaman kaɗaici ba ne, a rage girman abin ne. Mutum biyar ko bakwai, ranar Asabar bayan La'asar, a ajin firamare ko ƙarƙashin bishiya. Kowa ya zo da baiti biyar, ya rera, kowa ya faɗi abu ɗaya da ya yi daɗi da ɗaya da ya karye. Ba ciyaman, ba ma'aji. A gayyaci malamin Hausa na sakandare, ko dattijon da ya san aruli daga makarantar zaure. 'Yan mata su yi nasu zaman a gida, da sanin iyaye. In abu ya kankama, sai a nemi reshen ƙungiyar marubuta ta ANA da ɗaliban Hausa na Jami'ar Tarayya ta Gusau.

Ba cewa na yi ka bar ɗora waƙa a shafinka ba. Ka ɗora mana, amma bayan ta bi ta kunnen waɗanda ba sa jin nauyin ce maka ka sake.