Tsohon Gilashi a Sabuwar Kyamara

Daga kawuna, mai hoto a Chikaji, na gaji wani gilashin kyamara mai jawo nesa kusa, irin wanda da hannu ake murzawa har hoto ya fito. Na ɗaura shi a Nikon ta dijital ya zauna daram, domin bakin kyamarorinsu masu madubi tun 1959 yake. Masu Canon ba su taki wannan sa'a ba: a 1987 aka sauya musu baki.

Sai dai yana son haƙuri, haske ma ni nake kintata. Ranar hawan sallah a Zazzau, kafin in saita, dawakai sun wuce. Amma hoton amarya a zaune, ban ga sabon gilashin da ya fi shi ba, ga tsada. An taya a Sabon Gari, na ce albarka.