Hular kwano ba ta ceci Mike Webster ba

Duk lokacin da aka ɗauki wani ƙaton yaro daga Najeriya zuwa ƙwallon Amurka, waƙa ɗaya ake rera mana: yaro ya taki sa'a, dala za ta zubo, wasan ma an gyara shi da sabbin dokoki da hular kwano mai inganci. In ka ta da zancen lafiya, sai a ce maka kowace sana'a da hatsarinta, kuma babu wanda aka ɗaure aka kai fili. Maganar ta zauna daram har a bakin 'yan jaridar wasanni. Ni ban yarda da ita ba, kuma hujjata ita ce rayuwar Mike Webster.

A ƙwallon Amurka akwai mutum biyar da ke durƙusawa a layin gaba, su zama katanga ga mai jefa ƙwallo. A ƙa'ida ba a jefa musu ƙwallo, ba su ake jira su ci maki ba, kuma da wuya ka ga ɗayansu ya zama gwarzon shekara na gasar NFL. Aikinsu karo ne. Da zarar na tsakiyarsu ya miƙa ƙwallo ta tsakanin ƙafafunsa, sai su yi gware da ƙattin da ke gabansu kamar raguna, su tashi, su sake durƙusawa. Sau sittin ko fiye a wasa ɗaya, ban da atisaye. Na yau da yawa nauyinsu ya kai kilo 140.

Webster shi ne na tsakiyar nan a ƙungiyar Pittsburgh Steelers daga 1974 zuwa 1988, ya ƙarasa shekara biyu a Kansas City Chiefs. Ɗan manomi ne daga jihar Wisconsin. Ya buga wasa 245 a kaka 17, ya ɗauki kofin Super Bowl sau huɗu, magoya baya suna masa kirarin mutumin ƙarfe saboda ciwo ba ya zaunar da shi. A 1997 aka shigar da shi zauren karrama gwanaye na Canton. A lokacin da ake tafa masa a wurin, tuni rayuwarsa ta wargaje. Mantuwa ta kama shi, dukiya ta salwance, aure yana tangal-tangal. Ya kwana a motarsa, ya kwana a tashar jirgin ƙasa. In haƙori ya fita, sai ya manna shi da sufa gulu ya mayar. In ciwo ya hana shi barci, sai ya ɗana wa jikinsa na'urar Taser, lantarki ya ja shi har ya suma. Ya rasu a Satumban 2002 yana da shekara 50.

Gawarsa ta faɗa hannun wani likita ɗan Najeriya, Dokta Bennet Omalu, ɗan asalin jihar Anambra da ya yi karatu a Jami'ar Najeriya ta Nsukka. A ido ƙwaƙwalwar lafiya lau take. Omalu bai gamsu ba, ya sa aka yanka ta sala-sala aka rina, ya duba a madubin likita, ya tarar da wani sinadari mai suna tau ya taru yana kashe ƙwayoyinta. Irin wannan lalacewa an san ta a 'yan dambe tun 1928. Ya buga bincikensa a 2005, a kan cutar da yanzu ake kira CTE. Likitocin wani kwamitin NFL sai suka rubuta wa mujallar da ta buga shi suna neman a janye rahoton. Sai a 2016 wani babban jami'in NFL, Jeff Miller, ya amsa a gaban kwamitin majalisar dokokin Amurka cewa akwai alaƙa tsakanin wasan da cutar.

To, masu cewa ai sun san abin da suka shiga, ta yaya Webster zai san a 1974 abin da hukumar wasan take musantawa a 2005? Yarda tana tare da sani. Wanda aka ɓoye wa hatsari bai yarda da shi ba, ko nawa aka biya shi. Kuma ba shi kaɗai ba ne a layin Steelers. Justin Strzelczyk ya mutu a 2004 yana da shekara 36, bayan ya bi hannun da ba nasa ba da gudu, 'yan sanda na biye da shi, ya yi karo da tankar mota. Terry Long ya sha guba a 2005 yana da shekara 45. Omalu ya sami cutar a ƙwaƙwalwar su biyun.

Saura masu cewa an gyara. Gaskiya an yi gyare-gyare: ana fitar da wanda ya bugu a ka a duba shi, an haramta wasu nau'o'in duka, an kawo wata hula mai taushi da ake ɗorawa kan hular kwano. Amma yawancin wannan an yi shi ne don bugun da ake gani a talabijin, wanda ke zubar da mutum warwas. Ɗan layin gaba ba kasafai yake faɗuwa sumamme ba. Nasa ƙananan karo ne da ba a tsayar da wasa dominsu, dubbai a tsawon shekaru, kuma binciken masana yana nuna cewa yawan karon da tsawon shekarun wasa su ne ke tafiya da cutar. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa, ba ta hana ƙwaƙwalwa girgiza a cikinsa. A 2017 masu bincike na Jami'ar Boston ƙarƙashin Dokta Ann McKee suka duba ƙwaƙwalwar tsofaffin 'yan NFL 111, suka sami cutar a 110, kuma 'yan layi ne suka fi yawa, su 44. Iyalan da suka ga alamu ne suka bayar da ƙwaƙwalen, don haka ba za a ce kowane ɗan wasa haka yake ba. Duk da haka, hukumar da ke cewa lafiya ce gaba, ita ce ta ƙara wasannin kaka zuwa 17 a 2021.

Kuɗin ma a duba shi da kyau. Manyan taurari suna kwasar miliyoyi, amma sai mutum ya cika kaka uku kafin ya cancanci fansho, kuma da yawa ba sa kaiwa. Iyalan Webster sai da suka je kotu neman haƙƙinsa, hukunci ya tabbata a 2006, shekara huɗu bayan an binne shi. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a rabon diyyar da aka amince a biya tsofaffin 'yan wasa, an yi amfani da ma'aunin da ya ɗauka cewa baƙar fata dama can ƙwaƙwalwarsa ba ta kai ta farar fata ba, don haka ya fi masa wuya ya nuna ta lalace. Sai a 2021 NFL ta ce za ta daina.

Yanzu hukumar ta juyo Afirka. Ta kafa sansanin neman matasa a Accra a 2022, Nairobi a 2023, Legas a 2024. Roy Mbaeteka da Chukwuebuka Godrick, 'yan Najeriya da suka samu shiga New York Giants da Kansas City Chiefs, dukansu a layin gaba aka ajiye su. Ina yi musu fatan alheri, kuma ban ce a rufe wa kowa ƙofar arziki ba. Amma 'yan jarida, ku daina buga hoton yaro da riga mai lamba kuna tsayawa nan. Iyaye kuma, kafin ɗanku ya sa hannu, ku tambaya a rubuce: wa zai biya kuɗin asibitinsa in ƙwaƙwalwa ta fara taɓuwa yana da shekara arba'in, kuma har zuwa yaushe?