Rana Irin Ta Yau: 30 Ga Oktoba

A wannan fili namu, kowane mako muna ɗaukar rana guda a kalanda mu duba abin da ya faru a cikinta. Wannan makon mun tsaya a kan 30 ga Oktoba, mun zaɓo muku abubuwa huɗu: wasan kwaikwayo a rediyo, gwajin bam, damben boksin da haihuwar wani ɗan ƙwallo. Za ku ga kamar babu abin da ya haɗa su. Amma Bahaushe ya ce hankali ke gani, ido gululu ne, kuma a kowane labari akwai wanda ya yi aiki da hankalinsa, akwai wanda ya ajiye nasa.

1938: Wasan da aka ɗauka labarai ne

A daren Lahadi 30 ga Oktoba 1938, gidan rediyon CBS na Amurka ya sa wani wasan kwaikwayo da wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Orson Welles ya shirya. Daga littafin ƙagaggen labari na marubucin Ingila H. G. Wells aka ɗauko shi, wanda ya fito a 1898, kan wasu halittu daga duniyar Mars da suka kawo wa mutane hari. Sai dai Welles ya tsara wasan kamar labaran gaggawa. Ana cikin sa kiɗa sai a katse, a ce ga rahoto daga wani ƙauye mai suna Grover's Mill a jihar New Jersey, wani abu ya faɗo daga sama. A koma kiɗa, a sake katsewa, a ce halittu sun fito suna ƙone mutane.

An faɗa tun farko cewa wasa ne, an kuma maimaita daga baya. Amma waɗanda suka kunna rediyo a tsakiya ba su ji sanarwar ba. Ga shi kuma wata guda kafin nan Turai ta kusa faɗawa yaƙi saboda Hitler, mutane sun saba jin an katse shiri don mummunan labari. Wasu suka firgita, suka yi ta buga wa 'yan sanda da gidajen jarida waya.

Washegari jaridu suka ce ƙasar baki ɗaya ta rikice. Da masu bincike suka koma kan batun daga baya, sai suka gano an ƙara gishiri: waɗanda suka saurari shirin ba su da yawa, waɗanda suka tsorata ma ba su kai su yawa ba. A lokacin jaridu na kishi da rediyo saboda tana ƙwace musu masu talla. Ke nan a dare ɗaya an samu labarin ƙarya iri biyu, na halittun Mars da na girman firgicin, kuma na biyun ya fi daɗewa a bakin mutane.

1961: Bam mafi ƙarfi da aka taɓa tayarwa

A ranar 30 ga Oktoba 1961, ana tsakiyar yaƙin cacar baka tsakanin Amurka da Tarayyar Sobiyet, Sobiyet ƙarƙashin Nikita Khrushchev ta gwada wani bam ɗin nukiliya a tsibiran Novaya Zemlya, can arewa mai tsananin sanyi. Ana kiransa Tsar Bomba, wato sarkin bama-bamai. Tsawonsa mita 8, nauyinsa kusan tan 27. Saboda girmansa sai da aka cire ƙofofin cikin jirgin da ya ɗauke shi, aka kuma ɗaura masa ƙatuwar lema don ya sauko a hankali, matuƙan jirgin su samu lokacin tserewa. Ƙarfinsa ya kai na nakiya kimanin tan miliyan 50, alhali wanda ya rusa birnin Hiroshima na Japan a 1945 bai wuce na tan 15,000 ba. Hayaƙinsa ya tashi sama da kilomita 60.

Duk da haka bam ɗin bai zama makamin da sojoji suka dogara da shi ba, don ya yi nauyin da kai shi nesa ya zama wahala. Tsoratarwa ce babban aikinsa. Ɗaya daga cikin masanan da suka ƙera shi, Andrei Sakharov, ya koma yana adawa da gwaje-gwajen nukiliya saboda gubar da suke watsawa a iska, har ya samu lambar yabo ta Nobel ta zaman lafiya a 1975. A watan Agusta 1963, Amurka da Birtaniya da Tarayyar Sobiyet suka sa hannu a Mosko kan yarjejeniyar daina gwaji a sararin sama da cikin ruwa. Tsoron wannan guba ya iso har yankinmu: a Janairun 1961 Najeriya ta yanke hulɗar jakadanci da Faransa saboda gwajin bam da Faransa ke yi a hamadar Sahara ta Aljeriya.

1974: Daren da Ali ya jingina da igiya

Da misalin ƙarfe huɗu na asuba ranar 30 ga Oktoba 1974, mutane kusan 60,000 suka cika filin wasa a Kinshasa, babban birnin Zayar, wadda yau ake kira Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kongo. An sa wannan lokaci ne don masu kallo a Amurka su gani da daddare. Shugaba Mobutu Sese Seko ne ya jawo damben ƙasarsa don ya yi suna, aka yi wa kowane ɗan dambe alkawarin dala miliyan 5. Makonni kaɗan kafin nan an yi gagarumin bikin waƙa a birnin, inda James Brown da Miriam Makeba suka yi wasa.

Zakaran duniya George Foreman shekararsa 25, ya yi dambe 40 ba a taɓa doke shi ba. Ya kayar da Joe Frazier da Ken Norton kowanne a turmi na biyu, kuma su biyun duk sun taɓa doke Muhammad Ali. Shi kuwa Ali shekararsa 32. An ƙwace masa kambu a 1967 saboda ya ƙi shiga soja lokacin yaƙin Biyetnam, ya yi fiye da shekara uku ba ya dambe. Yawancin masana sun ce Foreman zai gama da shi.

Ali ya san ba zai iya gwada ƙarfi da Foreman ba. Daga turmi na biyu sai ya jingina da igiyar fage, ya kare fuskarsa, ya bar Foreman yana ta kai naushi a hannu da jiki, shi kuma yana tsokanarsa da magana yana mayar da martani jefi-jefi. Foreman ya yi ta duka har ya gaji. A ƙarshen turmi na takwas Ali ya fito daga igiya, ya jera masa naushi, Foreman ya faɗi, alƙalin wasa ya ƙirga ya tashi wasan. Foreman ma bai karaya ba. Ya dawo ya sake zama zakaran duniya a 1994, yana ɗan shekara 45.

1960: Haihuwar Maradona

Mu ɗan koma baya. Ranar 30 ga Oktoba 1960, wata guda bayan Najeriya ta samu 'yancin kai, aka haifi Diego Maradona a ƙasar Ajantina. Ya tashi a Villa Fiorito, unguwar talakawa a gefen birnin Buenos Aires. Tsawonsa mita 1.65 ne kawai, amma ya fara buga wa manyan ƙungiyar Argentinos Juniors kwana goma kafin ya cika shekara 16. A 1986 ya jagoranci ƙasarsa ta ci Kofin Duniya a Meziko. A wasansu da Ingila ya ci ƙwallo biyu mintuna huɗu tsakani, ta farko da hannu alƙali bai gani ba, ta biyu kuma bayan ya yanke 'yan wasa biyar tun daga tsakiyar fili. Ya kuma kai Napoli ga kofin gasar Italiya a 1987 da 1990, abin da ba ta taɓa yi ba kafin zuwansa.

Amma masu tsaron baya da suka kasa tare shi, ƙwaya ta yi abin da suka kasa. A 1991 aka dakatar da shi wata 15 saboda hodar iblis. A Kofin Duniya na 1994, bayan Ajantina ta doke Najeriya da ci 2 da 1, gwaji ya nuna haramtaccen magani a jikinsa, aka kore shi daga gasar. Wannan wasa da Super Eagles shi ne na ƙarshe da ya buga wa ƙasarsa. Ya rasu a watan Nuwamba 2020 yana da shekara 60.

Abin ɗauka

Saƙon da ya shigo wayar gidanku yana cewa a tura wa kowa da gaggawa, ku tuna masu sauraron 1938, ku tambaya wa ya faɗa, kuma a ina. Wanda darasi ya yi masa nauyi a aji ya tuna Ali, ya nemi dabarar da ta dace da shi, kada ya ce sai ya yi yadda na ɗaya ke yi. Wanda kuma Allah Ya ba baiwa, a ƙwallo ko a karatu, ya sani abokin da ya miƙo masa ƙwaya zai iya rusa ta.

Tambayar mako: idan Tsar Bomba tan miliyan 50 ne, na Hiroshima kuma tan 15,000, sau nawa na farkon ya ninka na biyun? Ku yi lissafin ba tare da kalkuleta ba, ku nuna wa malamin lissafinku. Amsa na nan tafe mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.